Ɗorawar Iro Bahago

Kwanakin baya wasu 'yan mata suka yi mini sallama da wayoyinsu a hannu, wai in koya musu daddawa kafin la'asar, domin suna da biki da yamma. Ɗayarsu ta ce ai ta ga yadda ake yi a waya: a dafa kalwa, a rufe, ta ruɓe, shi ke nan. Na ce mata in ruɓa ce daddawa, to kowace bola a garin nan mai sana'a ce. Na miƙa musu faifai da kalwa na ce su tsince tsakuwa. Ba su kai rabin faifan ba suka tuna da bikin. To tunda yanzu ina rubutu, albarkacin ajin yaƙi da jahilci da na shiga bayan na aurar da autata, bari in zuba muku a takarda, ku karanta a zaune ba sai kun toshe hanci ba.

Aikin farko da Innata ta ba ni shi ne tsaron wuta, kuma na daɗe a kansa kafin ta yarda in taɓa taɓarya. Kalwa, wato ƙwayar da ke cikin ɗorawa, ta fi tsakuwa taurin kai. Sai ta wuni ta kwana a kan murhu kafin ta sauko. Kara ba ya dafa ta, sai itace mai nauyi, shi ma a hankali ake tura shi, ba a barin sa ya yi ta ci bal-bal. In ruwa ya ja, na zafi za ki ƙara daga tukunyar da ke gefe. Ranar da na yi ƙyuya na kwara na randa, kalwar ta ƙanƙame. Inna ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta ce in tauna. Har yau haƙorin nan yana tuna mini. Alamar ta dahu, ki matsa ta tsakanin yatsu ɓawon ya saɓule, tsokar ta rabe biyu ba ta dame ba.

Daga nan sai turmi. Turmin daddawa daban, na fura daban, duk wadda ta haɗa su kuwa maigidanta zai sha furar da ba zai manta ba. Ana zuba kalwar da ɗan yashi mai laushi a surfa. Surfe na ce, ba daka ba: taɓarya gogawa take yi, ba ta farfasawa. Sai a kai bakin rijiya, a nan ake gane mai sana'a da mai wasa. Ki cika ƙwarya da ruwa ki murza, ɓawo ya taso ki kwashe, ki rege yashin kamar yadda ake rege shinkafa, ki sake, ki kuma sakewa, har bayanki ya ƙage, hannuwanki su yi fari su yamutse. Ƙwayar yashi ɗaya in ta tsere miki, a haƙorin wani maigida za ta fito, kuma ba a kan matarsa faɗan zai tsaya ba, sai ya tambayi wa ya sayar mata.

Dafuwa ta biyu gajera ce, da 'yar kanwa, amma ita ce ba a juya wa baya. Da ta yi laushi sai a tsane ta, a juye da zafinta cikin kwandon da aka shimfiɗe da ganye, a barbaɗa ɗan gari, a rufe da buhu a danne, a kai ƙuryar ɗaki inda iska ba ta kaiwa. Ku riƙe wannan da kyau: kalwar da ta huce kafin a rufe ta ba za ta zama daddawa ba har abada. Ba a leƙawa, ba a buɗewa a duba. A rana ta uku hanci zai gaya miki. Wadda ta kamu warinta yana da nauyi, da ɗan zaƙi a ƙarshensa, in kin sa hannu yauƙi ya bi yatsu. Wadda ta ɓaci ko kare ya sunsuna sai ya ja da baya. Sannan a kirɓa, a shafa mai a tafin hannu, a mulmula a faffaɗa, a shanya a tabarma har ta yi baƙi ta bushe, ke kuma ki zama mai gadin kaji.

Lokacin da dunƙulen kanti mai takarda ya cika kasuwa an ce mana sana'armu ta mutu. Amare suka riƙa cewa su ba sa sa daddawa a miya, ƙauyanci ne. Su ɗin ne dai suke aiko mini a ɓoye bayan wata biyu, in maigida ya fara cin tuwo a gidan uwarsa.

Amma duk wahalar da na lissafa banza ce in kalwar ba ta kirki ba ce. Ni da kalwar itace ɗaya na buɗe ido, ɗorawar da kakanmu ya bari a gonarsa ta gabas da gari. Ƙwayarta manya ce, ba ta cin itace da yawa, daddawarta kuma ko a miyar da ba nama sai an tambayi wa ya yi. Gonar ta koma hannun kawuna, yayan Inna, wanda mahauci ne mai 'ya'ya maza biyu, Iro da ƙanensa Haruna, ciki ɗaya. Taubasaina ke nan. Haruna ba mai wasa ba ne, gaisuwarsa ba ta wuce ya ruwa ya shuka. Iro kuwa tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba. Ya ce ni baiwarsa ce, in ce shi ne bawa. Yana kira na Tabawa uwar wari, ni ina kiran sa Bahago sarkin asara, tun ma kafin ya fara asarar.

Wanda bai kai shekarunmu ba ba zai san wane ne Iro Bahago ba. Dambe gadon mahauta ne, shi kuma Allah ya zuba masa shi a hannun hagu. Ranar da za a fara naɗa masa zaren dambe a hannu, Kawu ya zaunar da shi a zaure ya sa ya rantse cewa hannun nan ba zai sauka a kan mutum ba sai a fili, gaban kalangu. In aka ɓata masa rai a kasuwa sai ka ga ya kai hannun bayansa ya riƙe ƙugun wando, yana murmushi. Mu da muka san shi mun san murmushin ba na daɗi ba ne. Da kaka ta yi an shigar da gero, sai ya ɓace da makaɗansa, daga wannan gari zuwa wancan. Mu mata ba ma zuwa, a rediyo da bakin maza muke jin ya kayar da wane, ya kayar da wane. Ya ciyo babur, ya ciyo bijimi, ya ciyo buhunan shinkafa, har da keken ɗinki da bai san inda ake sa masa zare ba.

Duk tafiyar da zai yi sai ya biyo ya ɗauki daddawa guda daga tabarmar shanya, ba saye ba roƙo, ya ce harajin baiwa ne. Miyar baƙon gari ba ta yi masa, sai ya marmasa tawa a ciki. A 'yar jakar fata yake ƙulle ta a ƙugu, kusa da layunsa. Abokan karawarsa suka tsegunta wa juna cewa asirin Bahago a jakar nan yake, wani mugun haɗi ne mai wari da aka yi masa a daji. Har wani ya biya a sato ta. Iro da kansa ya ba ni labarin, yana dariya yana dukan cinya, wai an kai wa boka ya buɗe, ya sunsuna, ya ce a kira matarsa ta ɗora tukunya.

Yadda dukiyar ke shigowa haka take fita. Makaɗi ya ambaci kakansa, a cire riga a ba shi. Ya ambaci garinmu, a ba shi babur. Ga masu layu, ga abokan da ke bin sa a baya kowa da cikinsa. Ban taɓa jin ya sha abin maye ko ya yi caca ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Shi dai hannunsa na dama bai iya riƙe abin da na hagu ya kawo ba. Na gaya masa haka ido da ido, ya ce baiwa ba ta koya wa ubangidanta riƙon dukiya.

Kai kaya kasuwa shi ya fi ba ni wuya a shekarun farko. Direbobi ba sa son daddawa. Ki tsaya a bakin titi da kwandonki, mota ta tsaya, kwandasta ya shaƙa ya buga ƙofa su wuce. In sun ɗauke ki, a ƙarƙashin buhunan gyaɗa za a tura kayan su farfashe, ga fasinja suna ta tsaki, alhali kowannensu miyar kuka ya sha kafin ya fito. To shekarar da Iro ya tattara abin da ya rage masa ya sayi bas mai jigila tsakanin Ɗambatta da Kano, sai aka kafa doka: daddawar Tabawa gidan gaba take zama. Wata rana wani ma'aikaci mai farin kaftani ya ce shi ba zai zauna kusa da ƙazanta ba. Iro yana tashar, ya zo ya leƙa ta taga ya ce, “Ranka ya daɗe, ta riga ka biya. Akwai wuri a baya.” Ni kuwa ko sisi ban biya ba. Ta wannan motar na samu matan unguwar Bacirawa ta Kano masu sara su kasa a ƙofar gida, da masu tuwo-tuwo na tasha, waɗanda har yanzu 'ya'yansu ke saye a wurina.

Kafin nan Kawu ya rasu an raba gona. Kun dai san ƙasarmu, gona jingine da gona, ko wurin ɗaure akuya da mai shi. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne a wurinmu ƙasa daban, itace daban. Mutum na iya mallakar itace a tsakiyar gonar wani, ya shiga ya kaɗo abinsa ya fita, ba mai ce masa don me. Da dattawa suka ja igiya, rabin da ya faɗo wa Haruna shi ne mai damshi, kuma ɗorawar a cikinsa take. Na Iro jigawa ce. Don a daidaita sai aka ce ƙasa ta Haruna, ɗorawa ta Iro. Kowa ya yarda, aka shafa fatiha. A lokacin Iro ko kallon itacen bai yi ba, ya ce in riƙa aikawa ana kaɗo mini.

Faɗuwarsa ba a rana ɗaya ta zo ba. Hannun ne ya fara. Ya kai wa wani ɗan damben arewa naushi ya sami goshi, ƙashi ya tsage, aka ɗora, ya koma fili bai warke ba, daga nan yatsun suka daina dunƙulewa. Makaɗa suka sami sabon sunan da za su kira. Sai motar: direban da ya ba wa ya kifar da ita a kwana, Allah ya tsare rai, amma gyaranta ya cinye shanun, da ta tashi kuma inji ya buga, aka sayar wa masu gwangwan. Matarsa ta yi doguwar jinya ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Rakiya, jinyar kuma ta cinye jigawar. Wani baƙo ya sayar wa, don ya fi Haruna tayi, Haruna kuwa bai taɓa yafe wannan ba. Abokan nan masu bin sa a baya, ko ɗaya ban ƙara gani ba.

Wata bazara ina shanya sai na ji sallama. Ga Iro da buhu a kai, da maƙata a hannu, doguwar gorar nan mai ƙugiya da ake janyo ɗorawa da ita. Ya rame, rigarsa duk garin ɗorawa. Ya dire buhun ya ce daga yau kyauta ta ƙare, baiwa za ta riƙa saye daga hannun ubangidanta. Na ce to ubangidan da ke hawa bishiya kamar biri, Allah ya ƙara girma. Ya zauna a kan turmi ya yi dariya har da tari. Na auna na biya shi kamar kowa, ban ƙara masa ba, don da na ƙara da bai dawo ba.

Daga shekarar ya zama mai ɗorawa sosai, ya koyi abin da bai sani ba. Ba a kaɗo ta sai ta bushe tana ƙara in iska ta kaɗa. Ba a karya reshe don a huta da miƙa hannu. Tilas kuma a gama kafin ruwan farko, in ba haka ba ta jiƙe ta yi baƙi. Garin ya sayar wa masu kunu, ɓawon ya sayar wa masu daɓe, kalwar tawa ce. Tun itacen yana fitar da tutu, jajayen furannin nan masu reto, yake wuni a gindinsa yana gadi. Da wannan, da 'yar fawa ranar kasuwa, ya ciyar da Rakiya har ya aurar da ita a nan cikin gari.

Kada ku ɗauka Haruna mahaukaci ne ko mugu tun asali. Manomi ne da ba ya ɗaga kai daga garma, ga 'ya'ya cike da gida, ga gona ba ta ƙaruwa. Inuwar ɗorawa kuma ba ta barin gero ya yi, duk inda ta rufe sai ka ga kara sirara kamar tsintsiya, itacen kuwa kullum faɗi yake ƙarawa. Shekara da shekaru yana kallon yayansa ya shigo ya kwashe ya fita, shi an bar shi da inuwa. Sai ga wani Alhaji daga Kano yana sayen gonaki zai gina gidan kaji. Ya taya gonar Haruna da abin da zai isa ya sayi fili a Bacirawa, ya kuma saya wa babban ɗansa Sabo adaidaita sahu. Sharaɗinsa ɗaya: ba ya sayen gonar da wani zai riƙa shigowa da maƙata. Ko a sare itacen, ko a sayar masa da shi.

Aka je gaban maigari, aka je gaban liman, dattawan da suka ja igiya waɗanda ke da rai suka maimaita yadda aka yi. Alhajin ya taya itacen shi kaɗai da tsadar da ko ni sai da na gyara zama. Iro, mutumin da ya ba makaɗi babur saboda waƙa ɗaya, ya ce ba ya sayarwa. Ni da kaina na same shi na ce in don ni ne ya sayar, kalwa ba ta ƙare a kasuwa ba, ya karɓa ya huta da hawa tunda gwiwa ta fara ba shi wuya. Ya daɗe yana murza yatsun nan da ba sa lanƙwasa.

“Tabawa,” ya ce, ranar ce kaɗai ya kira sunana bai haɗa da wari ba, “duk abin da na watsar hannuna ne ya kawo, ban ji zafinsa ba. Gonar Baba ce kaɗai ba ni na kawo ba, ita kuwa har yau ba na iya bi ta gefenta. Ba zan ƙara ba. In na mutu a ce wa Rakiya ubanta ya bar mata me? Kirari?”

Na ce ya bar mata taurin kai. Ya ce wannan ai a wajen gwaggonta za ta gada, wai ni.

Ranar da abin ya faru ina kan dafuwa ta biyu, kalwar da Iro ya kawo mini ce ta farkon kaɗin shekarar. Da hantsi ya tsaya a ƙofar gida da maƙatarsa ya ɗaga murya, wai ana jin warina tun daga masallaci, liman ya ce a gaya mini ina karya wa mutane alwala. Na ce ya wuce kafin in watso masa ruwan kanwa. Ya ce saura rassan sama, yau zai gama. Ya wuce.

Masu kai taki gona da jakuna ne suka gani, daga bakinsu na ji. Ya tarar da Haruna a gindin itacen da gatari, yana sassaƙe ɓawon a kewaye. Haka ake kashe itacen da ba a son a ce an sare: in saran ya zagayo ya haɗu, da kansa zai bushe a tsaye. Saura kamar faɗin tafin hannu ya haɗe. Iro ya yar da maƙata ya kama ƙotar gatarin da hannun dama, suka yi ta ja. Haruna yana cewa, “Yaya, sake mini. Ka cinye naka, ka zo ka tsare mini nawa.” Iro ya ƙara riƙe ƙotar. Masu jakunan duk sun ce hannun hagun yana bayansa, ya riƙe ƙugun wando. Hannun nan ko da yatsunsa sun sandare, da ya sake shi da Haruna bai tashi ba, kowa ya san haka har Haruna. Haruna ya fizge gatarin ya kai wa Iro sara ɗaya. Kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti ya cika. Haruna bai gudu ba, a gindin itacen 'yan sanda suka same shi a zaune.

Maƙwabciyata ce ta shigo da labarin, ni kuma na tsane kalwa ke nan tana tururi. Akwai matan da har yau suke cewa Tabawa ba ta da zuciya, an gaya mata an kashe ɗan'uwanta ta tsaya rufe daddawa. Haka ne, na tsaya. Na shimfiɗa ganye, na juye, na barbaɗa gari, na rufe na danne, na kai ƙurya, sannan na ɗauki mayafi. Shi ya hau ya kaɗo ta da wannan gwiwar, shi ya ɓare, shi ya wanke ya shanya. Ba zan bar ta ta huce a tsakar gida kaji su ci ba.

Ranar sadakar uku da safe na dawo gida ɗaukar tukunya, tun daga zaure hancina ya gaya mini ta kamu. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba, kafin nan ko bayan nan. Ban shanya ba, ban sayar da ko guda ba. Ɗanyarta na kirɓa na kai gidan makoki, muka kaɗa miyar kuka a manyan tukwane. Mutane suka zo daga garuruwa, har da tsofaffin 'yan dambe masu karyayyen hanci, da wani makaɗinsa na da, ya tsufa, ya zo ba kalangu. Aka fitar da tuwo zaure. Can sai ga kwano ya dawo ana neman ƙari, ba tuwo ba, miya. Aka ce makaɗin ne, ya suɗe kwano ya tambayi wace ce ta yi wannan, sannan ya tuna inda yake ya sunkuyar da kai. Na ce a cika masa, a gaya masa Bahago ne ya ciyar da shi kamar kullum.

Shekarar ita ce mafi muni a sana'ata. Rassan sama suna nan cike, ba namijin da ya yarda ya hau, ruwan farko ya sauka a kansu suka yi baƙi. Na koma kalwar kasuwa, wadda ake haɗa sabuwa da ta bara a buhu ɗaya, rabi ta dame rabi tana nan kamar tsakuwa. Wadda na zubar ta fi wadda na sayar. Har waken suya na gwada kamar yadda wasu ke yi, wata mai tuwo a tasha ta dawo mini da ita ta ce in ba ni da lafiya in faɗa. Abin da na iya yi wa itacen ɗaya ne. Ni da Rakiya muka kwaɓa laka da kashin shanu muka cike saran, muka naɗe da buhu muka ɗaure, muna zuwa muna yayyafa ruwa har damina ta kankama. Maza suna wucewa suna cewa aikin banza ne.

Sai maganar gado. Haruna kotu ta ɗaure shi, yana can har yanzu. Alhajin kaji ko waiwaye bai yi ba, ya ce ba ya sayen gonar da aka zubar da jini. Abin da Iro ya bari a duniya maƙata ce da tabarma da itacen nan. Liman ya ce wanda ya yi kisa ba ya cin gadon wanda ya kashe, na ce madalla. Ya ce Rakiya tana da rabi, na ce sauran fa. Ya ce sauran na 'ya'yan ɗan'uwansa maza ne, wato Sabo da ƙannensa, tunda su ba su kashe kowa ba. Na miƙe tsaye a zauren, sai da aka riƙe mini mayafi. Na hau mota na je wurin wani malami a Ɗambatta, ya faɗi abin da liman ya faɗa, ba bambanci. Na dawo ina jiran ranar da zan ji ƙarar injin yanka a gonar, don mai rabin itace in ya matsa a sayar a raba, ba mai hana shi.

Da sanyi ya wuce itacen ya fitar da tutu, amma ta ɓangare ɗaya, ɓangaren da ɓawon bai yanke ba. Ɗayan ya bushe. Mutanen gari suka ce ɓangaren hagu ne ya rayu, har ana zuwa kallo. Na ce musu itace ba shi da hagu ba shi da dama, sai inda ka tsaya. Laka ce da kashin shanu.

Da ɗorawar ta nuna sai ga Sabo a ƙofar gidana, lokacin ya isa aure, ya durƙusa daga nesa. Ya ce, “Gwaggo, an ce maƙatar Baba Iro tana wurinki.” Na ce tana nan, me za a yi da ita. Ya ce hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na dube shi na sake duban sa, hannunsa ba komai. Na ce ya je ya tambayi mai ita. Rakiya ba ta fito ba, ta dai aiko a ba shi.

Tun daga shekarar haka ake yi. Sabo a sama, Rakiya a ƙasa tana tattarawa, ba mai ce wa wani sannu. In an ɓare an wanke, a kawo ƙofar gidana in raba da kwanon awona, ɗaya nan ɗaya can, kowa ya sayar mini da nasa, in juye duka a tukunya ɗaya, don ba ni da itacen hura wuta biyu. Rakiya ta zauna a wurina ta koya, daga tsaron wuta ta fara kamar kowa, da goyonta a baya. Yanzu hancinta ya fi nawa. Uwar Sabo ma tana aikowa a saya, ina kuma sayar mata, ba ragi ba ƙari.

Bara ina gindin itacen ina tsince wadda ta faɗo, Sabo ya taka wani reshe ta ɓangaren da ya mutu yana miƙa maƙata. Rakiya ba ta ɗaga kai sosai ba, ta ce, “Sabo, sauka daga nan, busasshe ne.” Ya ja ƙafa ya koma ɗayan. Muka ci gaba da tattarawa.

To ku masu waya, in da gaske kuke, ku zo in ɗorawa ta nuna. Ku zo da safe da tsohon zane, ranar da ba ku da biki. Faifan da kuka bari yana nan, tsakuwar ma tana nan.